Sauya Shokazoba a Ƙofar Gida: Ilimin da Ya Kamata Ya Isa Kowane Ƙauye

Ranar kasuwar Shinkafi, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, babura suke fara kwararowa daga Jangeru da Badarawa da sauran garuruwan da ke kewaye. Wani ya ɗauro buhu biyu na gero, wani ya ɗauko akuya tare da mai ita, wani kuma ya goyo tsohuwa da jikarta da ƙullin kayansu. Wanda ya zuba wa bayan waɗannan babura ido zai ga wani abu da masu su suka daina gani. Da yawa sun durƙushe ta baya har mazaunin yana neman shafar taya. Duk ramin da aka faɗa, sai babur ya yi ta tsalle sau uku ko huɗu kafin ya natsu. Wasu kuwa ko tsallen ba sa yi, sai dai a ji ƙarfe ya daki ƙarfe, wanda aka goya ya cije leɓe.

Abin da ya mutu a jikin waɗannan babura shi ne shokazoba, wato ƙarafan nan biyu masu naɗaɗɗen sifirin da ke tsaye a gefen tayar baya, dama da hagu. Idan aka yi wa mai babur magana, amsar da ya fi bayarwa ita ce, "Ai yana tafiya." Fulogi idan ya mutu, a ranar ake sauya shi. Taya idan ta fashe, ko sarƙa ta tsinke, ba a kwana ba a gyara ba, domin babur ba ya motsi sai da su. Shi kuwa shokazoba ana ɗaukarsa kayan jin daɗi, irin wanda ake jingine maganarsa sai bayan kaka, kakar ta zo ta wuce ba a waiwaye shi ba.

Wannan fahimta kuskure ce, kuma ana biyan kuɗinta da ƙashi da jini. Shokazoba kayan tsare rai ne, sahunsa ɗaya da birki. Sauya shi kuma yana cikin ayyuka mafi sauƙi a jikin babur, wanda magidanci mai natsuwa zai iya yi a ƙofar gidansa da sifana biyu. A yankin da tafiya gari neman bakanike take cin mai, ta ci yini, wani lokaci ta jefa mutum cikin haɗari, barin wannan ɗan ilimi a hannun 'yan gareji kaɗai asara ce. Ya kamata a koyar da shi a fili, cikin Hausa, tare da iyakokinsa.

Matsayin babur a arewacin Zamfara

Ƙaura Namoda gari ne da sufuri ya ɗaga. A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a nan, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da ake kwasowa daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da gaba da su. Jirgin ya daɗe da fita daga lissafin manomi. Abin da ya rage shi ne kwaltar da ta fito daga Gusau ta rabu biyu, ɗaya ta bi ta Moriki ta nufi Shinkafi da Isa, ɗaya ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya. Da zarar an sauka daga kwalta kuwa, sai burji da rairayi da kwazazzabai da fadamun gulbin Gagare da na Bunsuru, inda da damina mota ba ta da ta cewa.

A irin wannan ƙasa, babur shi ne jaki, shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. A kansa ake kai taki gona, a kansa ake kwaso amfani. Mai naƙuda da yaron da tamowa ta kama, akasari a bayan ɗan kabu-kabu suke isa asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana tallafawa. Babur ɗin da ya fi yin wannan hidima, irin su Bajaj Boxer da takwarorinsa na TVS da Honda da na ƙasar Sin, nauyinsa kansa bai fi na buhun masara da wani abin kirki ba. An ƙera shi ne domin mutum biyu da ɗan kaya. Idan aka ɗora masa buhu biyu masu kilo 100 kowanne, ga matuƙi, to an ɗora masa abin da ya ninka nauyinsa fiye da sau biyu, kuma mafi yawan wannan lodi a kan ƙarafan nan biyu na baya yake sauka.

Ga wannan kuma ga tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan gyaran babur kusan duka daga Indiya da Sin ake shigo da su, saboda haka farashinsu ya bi dala. Mutumin ƙauyen Dauran ko Kasuwar Daji da zai je gari gyara, sai ya lissafa kuɗin kaya, da kuɗin aiki, da man zuwa da dawowa, da yinin da zai rasa a gona, sannan ya lissafa abin da ba a son faɗa, wato halin da hanya take ciki. Ba abin mamaki ba ne idan ya ce a bari sai wani jiƙon.

Aikin da yake yi

Shokazoba abu biyu ne a jiki ɗaya. Na farko shi ne sifirin da ido yake gani, wanda yake ɗauke da nauyi, ya lotsa idan taya ta daki tudu. Amma sifirin ba ya cinye ƙarfin duka, ajiye shi yake yi ya mayar. Da shi kaɗai ne, da babur ya yi ta lilo sama da ƙasa kamar ƙwallon roba. Na biyu shi ne bututun da ke tsakiyar sifirin, cike da wani siririn mai. A cikinsa akwai fistin mai ƙananan ƙofofi a kan sandar ƙarfe. Duk lokacin da taya ta yi sama ko ƙasa, dole man ya kutsa ta waɗannan ƙofofi, kuma wannan kutsawa ita ce take rage gudun motsin, ta mayar da ƙarfinsa zafi ya bi iska. Shi ya sa shokazoba mai lafiya yake yin ɗumi bayan tafiya a kan burji.

Amfanin wannan duka shi ne taya ta zauna manne da ƙasa. Wurin da tayar babur take taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba, kuma ta wannan ɗan wuri birki yake kamawa, ta nan ake shan kwana. Idan man bututun ya tsiyaye, taya takan riƙa barin ƙasa tana dawowa, kuma a duk ƙiftawar idon da take sama, birkin baya ba shi da amfani. A hanyar burji mai ƙunya-ƙunya, wannan yana nufin babur ya zarce inda ya kamata ya tsaya, ko bayansa ya kwashe a kwana. Mutane sukan ce santsi ne, ko tsautsayi. Sau da yawa tsautsayin ya daɗe yana yoyo a jikin ƙarfe, ba a kula ba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Dukan da shokazoba ya kasa shanyewa sai ya raba shi ga maƙwabta: wayoyin wili su riƙa tsinkewa, taya ta ci gefe-gefe, sarƙa ta riƙa fizga, jikin babur ya tsage a wajen walda. Ragowar kuwa ƙugun matuƙi da gadon bayansa ne suke karɓa, shekara da shekaru. Wanda ya ƙi sayen ƙarfe biyu yakan ƙare da sayen taya da sarƙa da maganin ciwon baya.

Gane mataccen shokazoba ba ya buƙatar na'ura. A danna bayan babur da ƙarfi a saki: mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya, matacce zai yi ta rawa. A duba sandar da ke cikin sifirin: idan ta jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, to robar da ke tare man ta mutu. A kama shi a girgiza: idan yana ƙwas-ƙwas a sama ko a ƙasa, robobin da ke cikin idanunsa ne suka cinye, kuma wani lokaci su kaɗai ne ke buƙatar sauyi. A kuma tsaya a baya a duba ko babur ya karkace gefe ɗaya.

Yadda aikin yake

Aikin yana farawa ne tun a shago. Shokazoba ba a saye shi da ido. Ana auna tsawon tsohon daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar idon ƙasa, a kuma duba faɗin ramin da noti yake shiga, ko kuma a tafi da tsohon gaba ɗaya. Wanda ya fi tsawo zai ɗaga bayan babur ya canja yadda sarƙa take ja, wanda ya gaza kuma zai sa taya ta riƙa dukan ƙasan mazauni. Sannan biyu ake saye, ba ɗaya ba. Sabo a dama, tsoho a hagu, daidai yake da haɗa ɗan maraƙi da tsohon sa a garma ɗaya: kunyar ba za ta miƙe ba.

A gida, sai a sami wuri mai tauri da ya daidaita, a bar salansa ta huce, a kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya. Idan ƙasar rairayi ce, a shimfiɗa katako a ƙarƙashi. A cusa wani guntun katakon a ƙarƙashin tayar baya domin ya tallafe ta. Notin da ya yi tsatsa a ɗiga masa kalanzir a ba shi lokaci, kada a haɗa shi da guduma.

Babbar dabarar ita ce a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. Muddin shokazoba guda yana ɗaure, shi zai riƙe ƙarfen da ke ɗauke da taya, ba zai faɗi ba. A kwance notin ƙasa, a kwance na sama, a zare tsohon, a jera wosha-woshan a ƙasa bisa tsarin da suka fito, domin a haka za su koma. A goge wurin, a saƙala sabon ta sama, sannan a ɗan ɗaga taya ko a sassauta ta har ramin ƙasa ya yi daidai. Noti da hannu ake fara ɗaura shi. Idan ya ƙi tafiya da yatsu, to ya hau a karkace, kuma sifana ba za ta gyara shi ba, sai dai ta cinye zarensa.

Bayan an gama gefe biyun, ba a ƙarasa ɗaurewa sai an sauke babur ya tsaya da tayoyinsa, nauyinsa ya zauna. Dalili shi ne robar da ke cikin ido: idan aka matse ta babur yana sama, za ta zauna a murɗe idan ya sauka, ta yage da wuri. A ɗaure da kyau, amma ban da hawa kan sifana da ƙafa, domin a yawancin waɗannan babura ƙarfen da notin sama yake hawa a jikin babur aka yi masa walda, idan ya karye sai mai walda.

Saura abu uku. A ƙasan sifirin akwai wani zobe mai matakala, sau da yawa hawa biyar, wanda ake juyawa domin a ƙara wa sifirin tauri idan za a yi lodi. Dole ne dama da hagu su kasance a hawa ɗaya. Sai a duba sarƙa, ta kasance tana da ɗan wasa kimanin faɗin yatsu biyu a tsakiyarta. Daga nan a ɗan zagaya a hankali ba lodi, a saurara, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu a sake bin notocin da sifana. Wanda ya taɓa yi sau ɗaya, aikin ba zai ci masa sa'a guda ba.

Inda ya kamata hannu ya tsaya

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wanda zai koyar da wannan aiki wajibi ne ya koyar da iyakarsa. Sauya shokazoba daban, farke shi daban. Sifirin a matse yake da ƙarfin da zai iya fasa fuska idan ya kuɓuce. Irin wanda ake cika wa iskar nitirojin, mai ɗan tulu a gefe, ba a huda shi, ba a kai shi kusa da wuta. Babura masu shokazoba guda a tsakiya, waɗanda sai an kwance rabin jikinsu kafin a kai gare shi, na bakanike ne. Haka nan idan aka tarar jikin babur ya tsage, ko ƙarfen da ke riƙe da taya yana wasa dama da hagu, to maganar ta wuce ƙofar gida.

Akwai kuma dabarun da suka yaɗu waɗanda gyaran gangar Auzinawa ne. Wasu sukan huda mataccen bututu su ɗura masa baƙin mai su toshe. Kaurin man ba ɗaya ba ne, kuma robar da ta bar na farko ya fita za ta bar na biyu. Masu lodi kuma sukan ƙara shokazoba ya zama huɗu, ko a liƙa ƙarfe a hana shi lotsawa gaba ɗaya. Bayan babur zai daina durƙushewa, gaskiya ne, amma an mayar da dukan hanya kai tsaye ga jikin babur da wili, birkin kuma yana nan yadda kamfani ya yi shi, na mutum biyu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Babbar matsalar da ta fi ƙarfin mai babur ita ce jabu. Kaya suna tasowa daga manyan kasuwanni irin na Nnewi da Legas, su biyo ta Kano da Gusau, su iso kantin gari cikin kwali mai sheƙi, kuma mai kyau da maras kyau kamarsu ɗaya. Akwai wanda sifirin ne kawai yake aiki a jikinsa, bututun hoto ne. Hujja mafi sauƙi ita ce gwajin dannawa a ranar da aka ɗaura: sabon da ya bar babur yana rawa, mataccen sabo ne, a mayar wa mai shago. Araha ba ta ado, balle a kan abin da zai ɗauki mai ciki.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce wannan cire wa bakanike abinci ne daga baki. Amsa ita ce, bakanike na gaske ba da kwance noti huɗu yake ci ba. Abincinsa yana cikin inji da kabureta da kuloci da wayoyin wuta. Mai babur da ya san abin hawansa shi ne yake kawo gyara da wuri, shi ne kuma yake gane bambancin gwani da ɗan koyo, ya biya gwani hakkinsa ba gardama. Kuma a ƙauyuka da dama zaɓin ba tsakanin gida da gareji yake ba. Tsakanin a gyara a gida ne da a ci gaba da hawa a haka.

Za a kuma ce gyaran gida yana iya jawo haɗari. Yana iya wa, idan an yi shi da ka. To amma mutane sun riga sun saba taɓa baburansu, da sani ko ba sani. Ɓoye ilimin ba zai hana su ɗaukar sifana ba, sai dai ya bar su da jita-jitar majalisa.

Hujja ta uku ita ce ta tsaro, kuma ba abin wasa ba ce, domin a kan babura 'yan bindiga suke kai hari. Saboda haka ne rundunar soja ta sanar da hana hawa babur a yankunan dazuzzukan jihohin arewa maso yamma a 2019. A watan Satumban 2021 kuma, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka katse layukan waya. Ko me mutum zai ce game da amfanin waɗannan matakai, sun nuna abu ɗaya: hukuma ta saba kallon babur a matsayin barazana, ba ta cika kallonsa a matsayin abin da rayuwar talaka ta rataya a kai ba. Ɗan bindiga ba ya jiran darasi kafin ya gyara babur ɗinsa. Wanda rashin ilimin yake cutarwa shi ne manomi, kuma lokacin da aka rufe kasuwanni shi ne ya rasa inda zai kai gyara.

Masu alhaki

A cikin garin Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, tana yaye ɗaliban injiniyanci shekara da shekaru. Ba abu ne mai wuya ba ɗalibanta su haɗa hannu da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da na makanikai su shirya darasin yini ɗaya a tashar babura: ga matacce, ga mai lafiya, ga jabu an yanka shi biyu kowa ya ga cikinsa. An ga irin wannan a Kaduna, inda kwalejin fasaha ta garin ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, wanda daga baya ya koma jagorantar hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha. Abin da ya yiwu a Panteka ba zai gagara a Ƙaura ba.

Gidajen rediyon Gusau suna iya ba da minti goma a mako. Bidiyon minti uku cikin Hausar Zamfara zai zagaya wayoyi ta WhatsApp fiye da kowace takarda. Littafin da kamfani yake haɗowa da sabon babur da Turanci yake zuwa, alhali dillalan sun san da wane harshe masu sayensa suke magana, fassara shi kuwa ba za ta kai kuɗin babur ɗaya ba. Hukumar SON, wadda doka ta ɗora wa tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, ita ce ya kamata ta tare jabu tun daga tashar jiragen ruwa, domin ba a ƙauyen Zurmi za a gane shi a cikin kwali ba.

Saura 'yan boko na yankin, ma'aikata da malamai da likitoci da ke Gusau da Kaduna da Abuja. Da yawansu sun sayi babur sun aika gida domin ƙane ko ɗan ɗan'uwa ya riƙa neman abinci, kuma a kansa ake kai mahaifiyarsu asibiti. Sukan tambayi lafiyar inji, su aika kuɗin taya. In Allah ya kai su gida hutun salla, kafin a shiga gaishe-gaishe, yana da kyau su je inda babur ɗin yake kafe a zaure, su danna bayansa da ƙarfi su saki, su ƙirga sau nawa zai yi rawa kafin ya tsaya.